Masu haɗa rahoton wata, ku daina jefa komai a “tara a raba”

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya na matakin farko, da masu sa kai da ke bin gida gida. Sannunku da ƙoƙari. Rana kuke sha, ga ƙarancin kayan aiki, Allah ya saka da alheri. Amma akwai ɗabi'a guda da ke ɓata wahalar nan taku: duk lambar da ta shigo hannu sai a tara, a raba da yawanta, a rubuta abareji, a rufe rajista. Wata bayan wata haka rahotanni ke zuwa, kuma wallahi abin ya isa.

Lambobi uku ake amfani da su wajen taƙaita bayani. Abareji shi ne wanda kuka sani. Lambar tsakiya kuwa sai an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, a ɗauki wadda ta tsaya a tsakiyar layi. Ta ukun ita ce wadda ta fi yawan maimaituwa. Kowace da aikinta.

A ce yara 9 aka kawo da zazzaɓi, aka tambayi iyaye kwana nawa yaro ya yi a gida kafin a zo. Amsoshin: 1, 1, 2, 2, 2, 3, 3, 4, 27. Jimilla 45, a raba da 9, ya ba da 5. Sai a rubuta wai mutanen garin nan kwana 5 suke yi kafin su zo asibiti. Ku sake duba layin. Yara 8 cikin 9 ba wanda ya kai kwana 5! Yaro ɗaya mai kwana 27 ne ya ja lissafin sama. Lambar tsakiya, wato ta biyar a jere, 2 ce, wadda ta fi maimaituwa ma 2 ce. An zargi gari guda da sakaci ba su ji ba ba su gani ba, gidan da ya kamata a je a zauna da su kuma ya ɓace a cikin lissafi. Duk inda lamba ɗaya ta yi wa sauran nisa, lambar tsakiya za ku bayar, ita kuma waccan ku rubuta ta daban.

Kuma don Allah a jera tukuna. Wasu na sa yatsa a tsakiyar shafin rajista su ce sun samu ta tsakiya. Ba haka ba ne. In yawan lambobin ya rabu biyu daidai, kamar 10, sai a haɗa ta biyar da ta shida a raba biyu.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne awon damtse na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Kun san ƙa'ida: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa, daga nan zuwa sama kore. To ga awon yara 9: 10.8, 11.2, 12.9, 13.4, 13.6, 13.6, 13.6, 14.8, 15.1. Abareji ya kama 13.2, lambar tsakiya 13.6, duka kore shar. Mai karanta rahoto a ofis zai ce alhamdulillahi, unguwa lafiya. Alhali ga yara biyu can a ja, damtsen kamar sillen kara. Haba jama'a! Ƙibar ɗan maƙwabci tana ciyar da wanda ya rame ne? A nan babu ɗaya cikin ukun da zai yi muku aiki. Ƙirgawa ake yi: ja nawa, ruwan ɗorawa nawa, kore nawa, masu kumburin ƙafa biyu nawa, a tura na ja da masu kumburi cibiyar kula da tamowa a ranar.

Ba cewa na yi abareji ba shi da amfani ba. Wajen neman magani shi ne daidai, amma ko nan ana kwafsawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro ya fita 120 a wata na farko, 150 a na biyu, a na uku sifili saboda ya ƙare a sito. Aka tara aka raba uku, aka nemi 90. Sifilin nan ba rashin masu ciwo ba ne, rashin magani ne. A cire watan, a raba 270 biyu, 135 ke nan. In ba haka ba, da hannunku kuka jawo wani yankewar, musamman da damina.

Wadda ta fi maimaituwa kuwa ita ce ta abin da ba ya taruwa: wace cuta aka fi kawowa, wace rana mata suka fi zuwa awo. Ba a raba gudawa da tari gida biyu.

Kafin ku sa hannu a rahoton wannan watan:
jera lambobin;
duba ta farko da ta ƙarshe, in wata ta yi nisa a koma rajista, wataƙila ma kuskuren biro ne, 2.7 ta zama 27;
rubuta yawan mutanen da aka ƙirga kusa da kowace lamba;
awon damtse a ƙirga shi launi launi, kada a raba.