Kuɗin Medicare da manyan nas-nas a Amurka: tambayoyin da kuka ƙi daina yi

NP (babbar nas mai izinin duba majinyaci da rubuta magani) za ta iya karɓar kuɗin Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi da naƙasassu, da sunanta?

E. Tun 1 ga Janairun 1998. Dokar daidaita kasafi ta 1997 ce ta buɗe ƙofar ga kowa, birni da ƙauye. Kafin nan sai a karkara da gidajen jinyar tsofaffi.

Nawa ake biya?

Kashi 85 cikin 100 na farashin likita. Aikin dala 100 ya koma 85: Medicare ya ba da 68, majinyaci ya cika 17, in ya riga ya gama biyan kasonsa na farkon shekara. Ƙorafi ba zai canza lissafin ba, majalisa ce ta rubuta shi.

To don me asibitinmu ke tura takardu da sunan likita?

Kwaɗayin ragowar kashi 15 ne, don da sunan likita cikakken farashi ake biya. Tsarin ana kiransa "incident to", kuma halal ne, amma da sharuɗɗa. Dole likita ne ya fara ganin majinyacin, ya tsara maganin, ya kuma ci gaba da bibiyarsa. Lokacin da kike dubawa, likita yana cikin ginin inda za a iya kiransa nan take. An sassauta wannan tun zamanin korona, ana karɓar kulawa ta bidiyo, amma ki duba ƙa'idar shekarar da kike ciki. Tsarin "incident to" ba ya aiki ga wanda aka kwantar a asibiti.

Inda ake zamewa shi ne sabon ciwo. Mai hawan jini ya dawo bibiya, sai ya ce gwiwa na damunsa. Kin duba gwiwar? Magana ta fita daga tsarin likita, da sunanki za a tura. Canjin magani kuwa akwai saɓani, ya danganta da abin da likita ya rubuta da fassarar kamfanin da ke biya a madadin Medicare a yankinku. In kina shakka, karɓi 85 ɗinki ki huta. Masu bincike in sun zo, kuɗin shekaru ake mayarwa.

Ba na buƙatar likita ke nan?

Wa ya ce? Wannan hurumin jiharki ne. Arizona ta sakar muku mara, Texas na neman yarjejeniya da likita.

Medicaid fa, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi?

Dokar 1989 ta wajabta biyan NP na yara da na iyali. Farashi kuwa kowace jiha da nata.

Na makara rajista?

A'a, kwantar da hankalinki. Ki tanadi lambar NPI (lambar shaidar ma'aikacin lafiya), digiri na biyu, shaidar ƙwarewa ta ƙasa, sai fom CMS-855I.