Baƙuwa na neman gida, amma ba kowane gida ba

Wata huɗu ke nan da wasu samari suka kawo mana ita ofishinmu na kula da dabbobi a bayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, lulluɓe da buhu. Daga cikin babbar kwata suka tsamo ta a wajajen unguwar Aboabo a nan Kumasi, bayan wani ruwan dare. Karya ce 'yar ƙasa, ja mai farin ƙirji, kunnuwa a tsaye, wutsiya a naɗe. Ranar da ta zo daga nesa kana ƙirga haƙarƙarinta, kaska ta cika mata kunnuwa, a wuyanta kuma akwai igiya da ta nutse cikin nama har ta yi miki. Tun tana kwikwiya aka ɗaura mata ita, wuya ya yi ta girma, igiya tana nan yadda take. Da muka duba haƙoranta muka ga ba za ta wuce shekara biyu ba. Yaran unguwa suka sa mata suna Baƙuwa, suna ya bi ta.

Yanzu ta murmure. Mikin ya warke sai tabo, an yi mata allurar haukan kare, an ba ta maganin tsutsar ciki, an kuma cire mata mahaifa don kada ta riƙa zubo 'ya'ya sau biyu a shekara. Saura gida. Mutum uku sun zo nemanta, duka ukun na hana, har magana ta fara yawo a Zango cewa malamin dabbobi yana rowar kare. Shi ya sa na ga gara in yi bayani a fili.

Wanda ya fara zuwa dattijo ne mai rumbun ajiye kaya. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, ni wanda nake so shi ne wanda ɓarawo zai ji muryarsa ya saki kayan da ya ɗauka. Ka ba ni ita in sa mata sarƙa, in riƙa zuba mata barkono a abinci, wata ɗaya za ta yi zafi." Na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, sarƙar nan ita ta kai ta kwata." Muka yi dariya, amma ni da gaske nake yi.

Wannan fahimta ta yi mana yawa. Mutane sun ɗauka yunwa da duka da ɗauri su ke sa kare ya iya gadi. Abin da suke haifarwa tsoro ne, kuma karen da tsoro ya cika wa ciki ba ya tantance ɓarawo da jikan maigida. Kare in ya ga abin da ya firgita shi, abu na farko da yake nema hanyar gudu. In sarƙa ta hana shi gudu, haƙori kawai ya rage masa. Yawancin cizon da ake kirana a kai, in na bi diddigi, sai in tarar yaro ne ya matsa wa karen da ke ɗaure ko yake cin abinci. Barkono kuwa ba abin da yake ƙarawa sai zawo. Amfanin karen gadi kunnensa ne da muryarsa: ya ji motsi tun kana barci ya tashe ka. Wannan Baƙuwa ta iya shi ba wanda ya koya mata. Akuya ta gifta bayan katanga da dare sai ta faɗa.

To yaya halinta yake? Mai kunya ce, ba ta saurin sakin jiki. Sati biyun farko a ƙarƙashin benci ta yi su, ba ta cin abinci sai ta ga ba kowa. Yanzu in ta hango ni da safe sai ta taho tana kaɗa jiki gaba ɗaya, ta kwanta a gefen ƙafata. Da mata ta fi sabawa. Namiji mai babbar murya sai ya yi haƙuri da ita kwanaki. Abin da har yau ba ta daina tsoro ba shi ne sanda da tsintsiya: ko shara kake yi, ka ɗaga tsintsiya sama, sai ta maƙale a lungu tana rawar jiki. Ba sai an gaya maka abin da ta sha a baya ba. Tsawa ma tana firgita ta, ga shi Kumasi damina biyu gare mu, kuma na tabbata nokawut ɗin da yara ke fasawa a Disamba zai dame ta. Tumaki ba ruwanta da su. Kaji kuwa tana bin su, ban ɓoye wa kowa ba. Ba ta taɓa cizon kowa a hannunmu ba, amma tana gurnani in an matso kwanonta, halin duk wanda ya san yunwa.

Gurnanin nan ina so a fahimce shi, don a nan ake yin kuskure mafi muni. Kare ba ya cizo haka kawai, sai ya yi ta magana tukuna, mu ne ba mu ji. Zai kau da kai, ya lashi hanci, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi. In ba a kula ba sai jikinsa ya sandare, farin idonsa ya fito, sannan gurnani. Gurnani roƙo ne: a ba ni wuri. In ka doke shi saboda ya yi gurnani, ka koya masa ya daina gargaɗi, gobe sai dai a ji ihun yaro. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In wutsiya na sama a miƙe tana ɗan karkarwa, jiki a sandare, ja da baya.

Ta biyu da ta zo baiwar Allah ce mai tausayi, har da 'yar miyarta ta kawo wa Baƙuwa. Na so in ba ta. Da na je na ga gidan sai jikina ya yi sanyi. Gidan haya ne irin namu na Zango, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, butoci a ko'ina, yara sun fi ashirin, ƙofar waje ba ta rufuwa dare da rana. Na ce, "Hajiya, kin yi shawara da maigidan da sauran 'yan haya?" Ta ce, "Ai ɗana, in sun gan ta za su saba." Ba za su saba ba. Mutum ɗaya ya ƙi, ya isa. Ranar da ta lashi butar wani, ko dai a jefe ta, ko a zuba mata guba, ko a wayi gari an buɗe mata ƙofa. Karen da aka taɓa yasarwa, in aka sake yasar da shi, da wuya ya ƙara yarda da ɗan Adam.

Na ukun ba zan daɗe a kansa ba. Bai tambayi halinta ba, bai tambayi allurarta ba, nauyinta kawai ya tambaya. Kowa ya san akwai kasuwar naman kare a ƙasar nan. Dalilin da ya sa ba ma miƙa kare sai mun taka mun ga gida ke nan.

Gidan da zai dace da ita mai katanga ne da ƙofa mai rufuwa, irin waɗanda mutanenmu ke ginawa a bayan gari, ko gidan gona, ko inda ake kiwon tumaki. A samar mata ɗan ɗaki mai rufi a inuwa, ƙasansa siminti ko katako, wanda ruwa ba ya kwanciya a ciki. Kada a bar ta tana kwana a kan yashi mai damshi da fitsari, don a irin wurin ne wani ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsarsa ta huda fata ta zauna, ka ga kare da ƙuraje kamar maruru kowanne da tsutsa a ciki. Ruwan sha mai tsabta kada ya yanke, musamman da hunturu da lokacin zafi. In dole a ɗaure ta, a ce baƙi sun zo ko ana biki, ya zama na ɗan lokaci, da abin wuya mai faɗi wanda yatsa biyu ke shiga ƙarƙashinsa. A samu mutum ɗaya babba da zai zama nata, shi ke ba ta abinci safe da yamma a lokaci ɗaya, shi ke fita da ita da igiya ta miƙe ƙafa. Yara 'yan makaranta masu jin magana ba laifi. Gidan da ke da mai rarrafe, a haƙura. Kwanakin farko a ƙyale ta kawai. Za ta ɓuya, ƙila ta ƙi abinci, ƙila ta yi ta neman hanyar fita. Kada a tara maƙwabta kallonta. Sai an yi makonni za ta san tsarin gidan, sai an yi watanni za a ga ainihin halinta.

Abinci bai kai yadda ake tsoro ba. Ragowar tuwo, shinkafa, dokunu, da ɗan kifi ko nama ko ƙwai dafaffe sun ishe ta, in dai ba tuwon zalla ba ne kullum. Abin da za a kiyaye: albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata jinin kare, cakulan da goro guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane. Mahautanmu kuma, da duk mai yanka ranar Layya, ku ji wannan: hanta ko huhun da kuka ga yana da ƙulli mai ruwa, kada ku jefa wa kare ɗanye. A cikin ƙullin akwai 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito a kashinsa, ya koma jikin tumaki da mutane. A binne shi da zurfi ko a ƙone. Maganin tsutsa duk wata uku, na kaska kuma a tambayi ma'aikacin dabbobi, kada a wanke ta da maganin feshin gona ko baƙin mai.

Na san abin da ke ran mai karatu tun daga layin farko, wato hukuncin ajiye kare a Musulunci, don ni ma ɗan Zango ne, a makarantar allo na tashi. Ba ni ba da fatawa, wannan na malamai ne. Abin da muka karanta dai shi ne hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ba dalili. Gadin gida malamai sun yi magana a kai, da yawa sun halatta in akwai bukata. An kuma umarce mu da wanke ƙwaryar da kare ya sa baki sau bakwai. Saboda haka Baƙuwa ba 'yar falo ba ce: wurinta waje, kwanonta daban, nesa da butoci da wurin salla. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, in bai ɗauka ba ba laifi. Sai dai rashin ɗauka daban, jifa daban. A hadisi ne muka ji labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa. Iyaye su riƙa gaya wa yara wannan, don jifan kare ya zama wasa a lungunanmu, kuma daga nan cizo ke farawa.

Sai babbar magana, haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana yankewa. Ana fara allurar tun kwikwiyo na wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wanda zai ɗauki Baƙuwa da katinta zai tafi, kuma sabuntawar ta hau kansa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, akwai ma'aikatan dabbobi a ƙananan hukumomi, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin allura, a kasa kunne.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ko wane kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cif, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a tauna goro a liƙa, kada a jira a ga ko zai kumbura. Cutar takan yi wata biyu ko uku a ɓoye, ciwon ya warke sarai, sannan ta fito. Karen kuma kada a yi masa taron dangi a jefar a bola. A kulle shi, a kira mu, mu sa masa ido kwana 10. In har yana ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon, cikin kwanakin nan za ta nuna. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba, likita ne zai faɗi abin da za a yi.

Wanda ya ga gidansa ya yi daidai da abin da na zayyana, ya fara zama da iyalinsa tukuna, har da uwargida, don sau da yawa hidimar a kanta take ƙarewa. In kowa ya yarda, ya neme ni a ofishinmu, zan zo in ga gidan, sannan ya zo ya ga Baƙuwa sau biyu ko uku kafin ta bi shi. Ranar da za ka zo, in kana dogara sanda ka jingine ta a waje. Kada ka nufe ta gaba da gaba, kada ka zura mata ido, kada ka miƙa hannu ta saman kanta. Ka tsuguna a gefe mu yi ta hirarmu kamar ba ta nan. In ta ga dama za ta zo ta shinshina bakin rigarka.