Ma'anar sitabilaiza da silanbulok a jikin babbar mota

A garejojin manyan motoci na Maradi, idan direba ya kawo kukan cewa kamiyonsa yana kwanciya a kwana ko yana rangaji a kan titi, abubuwa biyu ne makanike yake fara dubawa bayan ya tabbatar da lafiyar tayoyi da sifirin. Na farko shi ne sandar ƙarfen da ake kira sitabilaiza, na biyu kuma su ne robobin da waɗanda suka koyi aiki a nan gida suke kira silanbulok, masu sayar da kayan mota na Katsina da Kano kuma suke ce musu bushin. A ƴan shekarun nan ana yawan jin masu motoci suna maganar sauya waɗannan kaya da waɗanda suka fi su ƙarfi, sai dai da yawa daga cikinsu suna kashe kuɗin ne ba tare da sun san abin da sauyin zai iya yi musu da abin da ba zai iya ba.

Sitabilaiza sanda ce ta ƙarfen sifirin wadda aka lanƙwasa bakinta biyu, aka shimfiɗa ta a gicciye a ƙarƙashin mota. Tsakiyarta tana riƙe a wurare biyu cikin zoben roba, hannuwanta biyu kuma suna haɗe da ɗaya sashen motar, ta yadda sandar ta zama mahaɗa tsakanin shasi, wato ginshiƙin ƙarfen da jikin mota yake zaune a kansa, da aksul, wato ƙarfen da yake ɗauke da tayar dama da ta hagu. Idan tayoyin biyu suka hau tudu a lokaci ɗaya, kamar yadda yake faruwa a kan tudun rage gudu na shiga gari, hannuwan sandar suna ɗagawa tare, sai ta juya a cikin robarta ba tare da ta yi wani aiki ba. Amma idan mota ta sha kwana, nauyinta ya karkata gefe guda, sifirin ɗin waje ya danne na ciki kuma ya saki, sai hannu ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, dole sandar ta murɗe. Ƙin murɗewar da ƙarfen yake yi shi ne ƙarfin da yake tura jikin motar ya koma daidai. Ke nan sandar ba ta ɗaukar lodi ko kilo ɗaya, ba ta kuma ɗaga motar da sifirinta ya gaji. Aikinta kawai rage karkata ne.

Dabarar ta tsufa, domin tun a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi mata rajista, amma a babbar mota ne muhimmancinta ya fi bayyana. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ta tsara nauyi da girman motocin dakon kaya, ta ƙayyade faɗin mota a mita 2.55, tsayinta daga ƙasa kuma a mita 4. Abin da tsayinsa ya zarce faɗinsa haka, kuma mafi yawan nauyinsa yana sama da tayoyi, ƙaramar karkata ma tana isa ta gusar da tsakiyar nauyinsa zuwa gefe. Duk wanda ya taɓa bin bayan kamiyon da ya ɗauko buhunan aya ko na wake a hanyar Ɗan Isa, ko wanda ya taso da albasa daga Galmi, ya ga yadda saman lodin yake lilo tun kafin tayoyin su nuna wata alama.

Silanbulok kuwa roba ce mai kauri, galibi a matse tsakanin bututun ƙarfe biyu, wadda ake sakawa a duk inda ƙarfe biyu masu motsi suka haɗu. Matsayinta a mota kamar na guringuntsi ne a tsakanin ƙasusuwa: tana barin gaɓa ta motsa gwargwadon buƙata, tana shanye girgiza, tana kuma hana ƙarfe cin ƙarfe. Ana samunta a idon sifirin, da kan shokozoba, da mazaunin sitabilaiza, da ƙarƙashin ɗakin direba. A motoci masu aksul biyu a baya, irin su Howo da Actros da DAF da MAN da suka cika hanyoyinmu, mafi muhimmanci su ne na sandunan da suke riƙe aksul a mazauninsa lokacin da aka taka birki ko aka ba mota wuta. Idan waɗannan suka mutu, aksul yana gocewa, motar ta riƙa tafiya a karkace, tayoyin baya su cinye ta gefe ɗaya, kuma kuɗin taya guda ya ninka na robar da aka ƙi sauyawa.

A ƙasarmu robar nan ba ta yin tsawon ran da take yi a inda aka ƙera motar. Zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake wuce digiri 40, yana busar da ita har ta tsattsage, ƙurar hunturu tana shiga tsagar tana goge ta, hanyoyin burji na kasuwannin ƙauye suna jijjiga ta ba hutawa. Abin da ya fi waɗannan duka ɓarna shi ne baƙin mai ko gazwal da yake ɗiga daga inji, domin yana jiƙa roba ta kumbura ta yi laushi, don haka sauya silanbulok ba tare da toshe yoyon da ke samanta ba asarar kuɗi ce. Alamomin mutuwarta ba ɓoyayyu ba ne: ƙarar bugun ƙarfe idan taya ɗaya ta faɗa rami, sitiyari mai yawo, da jan tsatsa mai laushi a bakin mahaɗa. Makanike yana tabbatarwa ta hanyar zura dogon ƙarfe ya ɓanɓara mahaɗar, ya ga ko tana wasa.

A ganina, daga nan ne duk wani gyara na hankali ya kamata ya fara. Sandar da robarta ta cinye sai motar ta riga ta karkata kafin ta fara murɗewa, saboda haka mai mota yakan zaci sandar ce ta yi masa ƙanƙanta, alhali kuwa sababbin robobi kaɗai za su maido da ita yadda take. Idan an sauya su, an duba sifirin da shokozoba, amma har yanzu motar tana kwanciya, a sa'an nan ne maganar sanda mai kauri take da ma'ana.

Kaurin sanda yana da lissafin da yake ba mutane mamaki. Ƙarfinta na ƙin murɗewa yana ƙaruwa ne da kaurinta idan an ninka shi a kansa sau huɗu, don haka idan aka cire mai milimita 40 aka saka mai milimita 45, matuƙar tsawonsu da siffarsu ɗaya ne, ƙarfin ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100, duk da cewa ido da ƙyar yake ganin bambancin. Wannan ƙarin ƙarfi yana sauka ne a kan mariƙan sandar da kusoshinta da shasi, waɗanda aka ƙera don sandar farko. Haka kuma yana sauya halin motar. Idan ta gaba aka ƙarfafa fiye da kima, motar tana ƙin shan kwana, ta nemi miƙewa. Idan ta baya ce, bayan motar yana saurin zamewa, musamman in babu kaya a ciki ko an yi ruwa. Ga masu shiga hanyoyin da babu kwalta kuma akwai wata matsalar, domin sanda mai tauri tana hana kowace taya bin ƙasa ita kaɗai, sai ɗaya ta rataye a iska a wuri mai kwazazzabo, motar ta rasa abin kamawa a cikin yashi. Saboda haka sandar da kamfanin da ya ƙera motar ya tanada don irin wannan samfurin ta fi wadda aka ciro daga wata mota dabam aka daidaita da guduma.

A wajen robobi, sauyin da ake yawan tallatawa shi ne barin baƙar roba a koma foliyuretan, wani sinadari da Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937, wanda sau da yawa ake sayar da shi ja ko rawaya. Ya fi roba tauri, mai ba ya narka shi, kuma a mazaunin sitabilaiza yana sa sandar ta kama aiki da wuri. Sai dai shi zamewa yake yi a jikin ƙarfe, ba murɗewa ba kamar robar da aka manne, don haka yana buƙatar giris, kuma giris idan ya haɗu da ƙurar Maradi yana zama abin goge ƙarfe. Taurinsa kuma yana kai girgiza ga shasi da bayan direba. Ina ganin dacewarsa a mazaunin sanda, amma a idon sifirin da sandunan riƙe aksul, inda ake buƙatar mahaɗa ta lanƙwasa ta kowane ɓangare, roba mai kyau ta asali ta fi aminci.

Wajen ɗaurawa akwai ƙa'idoji biyu da ake yawan karyawa. Silanbulok mai manne da bututunsa ba a ƙarasa ɗaure kusarsa mota tana kan jak. Sai an sauke ta ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe tun ranar farko ta yage da wuri. Sandar da ta karye ko ta lanƙwashe kuma ba a yi mata walda, ba a gasa ta da wuta don a miƙe ta, domin zafi yana kashe ƙarfin sifirin da ke cikinta, ta sake karyewa a wurin ba tare da gargaɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu suke ɗaukar sanda mai kauri a matsayin izinin ƙara lodi ko ƙara gudu. Gaskiya ne rage karkata yana ɗan ƙara wa mota tsayuwa, amma abin da yake yanke hukuncin faɗuwa shi ne tsayin da nauyi yake daga ƙasa idan an gwada da tazarar tayoyi, tare da gudun da aka shiga kwana da shi, kuma sanda ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Hasali ma tana rage karkatar da direba yake ji a jikinsa wadda take sa shi ɗage ƙafa. A tirela lamarin ya fi muni, domin tayoyin bodi ne suke fara barin ƙasa, direban da ke gaba ba ya ji sai abu ya yi nisa. Tankokin mai da suke tasowa daga matatar Soraz ta Damagaram su ratsa Tasawa da Maradi suna da nasu haɗarin idan ba a cike suke ba, saboda man yana kwarara gefen waje a tsakiyar kwana, haka ma motar shanu idan dabbobin suka taru a gefe ɗaya. Ga mai ɗaukar buhuna, jera masu nauyi a ƙasa, a daidaita dama da hagu, a kuma tsaya a ƙarƙashin mita 4, yana rage haɗarin kifewa fiye da duk wata sanda da za a saya a kasuwa.