Baƙo da ɗan gida a finafinan iyali na Jamus ta Yamma

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, finafinan da suka fi cika gidajen sinima a Jamus ta Yamma su ne waɗanda Jamusawa ke kira Heimatfilm, wato finafinan ƙasar haihuwa. Ƙauye ne, da daji da tsaunuka, da soyayyar da ke ƙarewa da aure, abin da uba zai iya kalla tare da 'ya'yansa. Fim ɗin Schwarzwaldmädel na Hans Deppe, wanda ya fito a 1950, shi ya buɗe wannan kasuwa. Ba a ganin kangayen birane a ciki, kuma da wuya a ji an ambaci Yahudawan da aka hallaka.

Baƙon da waɗannan finafinai suka fi yi wa maraba Bajamushe ne ɗan'uwansu. Kimanin Jamusawa miliyan 12 ne aka kora ko suka gudo daga yankunan gabashin Turai a ƙarshen yaƙin, kuma ba ko'ina aka karɓe su hannu bibbiyu ba. A fim ɗin Grün ist die Heide na 1951, wani tsohon mai gandu da ya rasa komai a gabas yana farauta a ɓoye a dajin Lüneburg, amma daga ƙarshe garin ya rungume shi tare da 'yarsa.

Labarin yara baƙar fata ya bambanta. Akwai kusan 5,000 da sojojin ƙawance da suka mamaye ƙasar bayan yaƙin, yawanci baƙaƙen Amurka, suka haifa da matan Jamus. A 1952 rukunin farko ya shiga makaranta, majalisar dokokin ƙasar, Bundestag, ta yi muhawara a kansu, kuma a wannan shekarar Robert A. Stemmle ya fitar da Toxi. Elfie Fiegert, wadda ita ma 'yar sojan Amurka ce baƙar fata, ta fito a matsayin yarinyar da aka ajiye a ƙofar wani gidan masu rufin asiri a Hamburg. Kakan gidan ya so ta nan take. Surukinsa ya ƙi ta zauna da 'ya'yansa, sai daga baya zuciyarsa ta yi laushi. Fim ɗin ya fito fili ya soki wariyar launin fata, abin da ba ƙarami ba ne a lokacin. Sai dai da Kirsimeti mahaifinta ya zo ya tafi da ita Amurka. An tausaya mata, an shafa kanta, amma labarin bai bar ta ta zama 'yar gida ba, kuma nan ne masana tarihin fim suka fi yi masa suka.

A Jamus ta Gabas, kamfanin gwamnati DEFA ya yi Die Geschichte vom kleinen Muck a 1953, tatsuniyar da aka shirya a wata ƙagaggiyar ƙasa ta Gabas ta Tsakiya, Jamusawa ne kuma suka sa rawani suka taka rawar.

Talabijin ya fara janye 'yan kallo a ƙarshen shekarun 1950. A 1962 wasu matasan daraktoci suka fitar da wata sanarwa a garin Oberhausen, suka ce tsohon fim ya mutu.