Sarin Kayan Masarufi a Katsina

Sarin kayan masarufi sana'a ce ta sayen kayan amfanin yau da kullum da yawa daga kamfanoni ko manyan diloli, sannan a sayar da su katan-katan ko buhu-buhu ga masu shagunan unguwa da masu tireda da masu shayi, waɗanda su kuma suke sayar wa jama'a ɗai-ɗai. A birnin Katsina, yawancin masu wannan sana'a suna cikin Babbar Kasuwar Katsina da kewayenta, kuma kayan da suka fi juyawa a hannunsu su ne sukari, fulawa, shinkafa, taliya, man girki, gishiri, madara, ganyen shayi, sabulu, ashana da biskit.

Tarihi

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina na cikin manyan zangunan fataken Sahara, inda ayari ke saukowa daga arewa da gishiri da kanwa da hajar Arewacin Afirka, fataken Gwanja kuma su kawo goro. Tun a wancan zamani akwai mutumin da ke tsakanin mai kawo kaya da mai sayen kaɗan, wato fatoma, wanda ke saukar da baƙo a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya wa wanda zai ɗauki kayan bashi. Bayan jihadi, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Katsina da Maraɗi, fatauci ya karkata zuwa Kano, har matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina a 1851, ya tarar da kasuwarsa ta ja baya ƙwarai.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙara tabbatar da wannan sauyi. Layin dogo bai zo birnin Katsina ba, sai dai Funtuwa ta samu a kan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, don haka kayan da suka taso daga Legas a Kano ake sauke su kafin a yo arewa da su. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt sun riƙa ba 'yan kasuwar gida sukari da sabulu da kananzir da yadi su shiga ƙauyuka da su, su kuma sayo musu gyaɗa da auduga. Dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, sun faɗaɗa wa 'yan kasuwar gida hanyar zama wakilan rarraba kaya. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, ma'aikata suka ƙaru, sababbin unguwanni suka tashi, kowace kusurwa kuma ta nemi shagonta.

Wani sauyi mai muhimmanci shi ne na kayan leda. Bayan tsadar rayuwar da ta biyo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kamfanoni sun lura cewa mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya sayen gwangwanin madara, sai suka fara ƙulla ta a ƙananan ledoji, kuma madarar Cowbell, wadda ta shigo kasuwa a 1993, ita ta yi fice a wannan salo. Daga baya garin sabulun wanki da tumatir da kayan shayi suka bi sahu. Wannan ya rage jarin da ake buƙata wajen buɗe shago, ya kuma yawaita abokan cinikin ɗan sari.

Yadda sana'ar ke gudana

Matakin farko shi ne dila, wanda ke da rajista da kamfani kamar Dangote, BUA, Flour Mills ko Nestlé, yake biyan kuɗi tun kafin a yi lodi, a kawo masa tirela guda ko fiye har sito. A ƙasa da shi akwai matsakaitan 'yan sari, waɗanda ke saye daga dilolin gari ko su tafi Kasuwar Singa ta Kano, tafiyar kimanin kilomita 170, su haɗo kaya iri-iri a mota ɗaya. Daga sito 'yan dako ke fitar da kaya, masu kura da masu kurkura su kai unguwanni, motocin ƙauye kuma su ɗebi na masu zuwa kasuwannin mako irin su Jibiya, Ɓatsari, Mashi da Charanchi.

Ribar da ke kan katan guda ƙanƙanuwa ce, don haka samun ɗan sari yana cikin saurin juya kuɗi ne da kuma ladan da kamfani ke ba wanda ya sayar da adadin da aka yanka masa. Saboda haka ne wani lokaci ake ganin dila ya sayar da kaya a kan kuɗin da ya saye su, domin kawai ya cike adadin kafin wata ya ƙare.

Abin da ya fi riƙe sana'ar shi ne bashi. Mai shago da yawa ba shi da jarin da zai cika kantarsa, sai ya ɗauki kaya ya ba da wani abu, ya cika sauran in ya dawo ɗaukar wasu, a rubuta a littafi ba tare da jingina ko ruwa ba. Sabon mai shago ba ya samun wannan dama sai wani sananne ya tsaya masa, kamar dai yadda fatoma yake yi a da. Ta wannan fuska ɗan sari ya fi banki amfani ga ƙananan 'yan kasuwa, amma shi ke kwana da asarar idan mai shago ya karye, ko farashi ya tashi kafin a biya shi, ta yadda kuɗin da ya karɓa ba za su sake sayen katan ɗin da ya bayar ba. Yawancin masu sito sun faro ne a matsayin yaran shago, suka yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin ya sallame su da jari ko da kaya. Watan azumi ne lokacin da ciniki ya fi kankama, musamman na sukari da madara da man girki, kuma da yawa daga cikin 'yan kasuwa a lokacin suke ƙirga kaya su fitar da zakka.

Iyaka da matsalolin zamani

Kusancin Katsina da Jamhuriyar Nijar ya sa cinikinta ya ɗauru da halin da iyaka ke ciki, domin 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram na sayen kayan kamfanonin Najeriya ta Jibiya da Kongolam, shinkafar waje da taliya da man girki kuma sun daɗe suna shigowa, wasu ta hannun kwastan, wasu ta fasa-ƙwauri. Rufe iyakoki a watan Agustan 2019 ya mayar da 'yan sari ga shinkafar gida, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa watan Maris na 2024.

Gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwar a watan Maris na 2021 ta cinye shaguna masu yawa. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tilasta wa masu sito karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS, cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin dako, matsalar 'yan bindiga kuma ta rage zirga-zirgar kaya zuwa kasuwannin yammacin jihar. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, an tsara zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya.