Muhawara Kan Kuɗin da Ake Kashewa Don Ceton Panda

Panda dabba ce daga dangin beyar, mai launin fari da baƙi, wadda a kimiyyance ake kira Ailuropoda melanoleuca. Ba a samunta a daji sai a ƙasar Sin, a tsaunukan lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu. Tana cikin namun dajin da aka fi kashe wa kuɗi a duniya, shi ya sa masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. Wasu na ganin an zuba dukiya mai yawa a kan dabba ɗaya alhali dubban halittu na ƙarewa ba mai waiwayarsu. Wasu kuma na cewa kuɗin ya biya kansa, domin dazuzzuka ne sukutum aka tsare da sunanta.

Halittarta da abin da ya sa rainonta ke da wuya

Kayan cikin panda irin na maciya nama ne, amma kusan duk abincinta gora ce, wajen kashi 99 cikin 100. Da yake hanjinta bai iya narkar da gorar sosai, dole ta ci da yawa. Babbar panda kan ci kilo 12 zuwa 38 a rana, gwargwadon ko ganye take ci, ko kara, ko sabon tsiro, kuma takan kwashe fiye da rabin yini tana tauna. Zama take yi dirshan, ta riƙe karan gora da hannu, ta ɓare shi da haƙori kamar mai shan rake. Wani ƙashi ne a wuyan hannunta ya yi tsawo ya zame mata kamar babban yatsa, da shi take damƙe karan.

Haihuwa ma ba ta zo mata da sauƙi ba. Sau ɗaya a shekara mace ke neman namiji, a lokacin bazara, kuma kwana ɗaya zuwa uku ne kacal take iya ɗaukar ciki. Jaririn kan zo da nauyin giram 100 ko kusa da haka, idonsa a rufe, jikinsa ja ba gashin kirki. Idan tagwaye ta haifa, galibi ɗaya take runguma ta bar ɗayan.

Ita kanta gorar tana da nata hali. Bayan shekaru masu yawa, duk gorar iri ɗaya a yanki guda takan yi fure lokaci ɗaya, ta zubar da iri, ta bushe. A da idan haka ta faru panda kan gangara wani kwari ta sami wani irin. Da gonaki da hanyoyi suka datse mata hanya, sai furen gora ya koma yunwa. Haka aka gani a tsaunukan Minshan a tsakiyar shekarun 1970, inda aka tsinci gawarwakin panda sama da 100, aka kuma sake ganin irinsa a yankin Wolong a 1983.

Yadda ta zama tutar kare namun daji

Turawa sun fara sanin panda a 1869 ta hannun Armand David, wani limamin kirista Bafaranshe da ya ga fatarta a gundumar Baoxing. A 1936 Ruth Harkness ta kai ɗan panda mai rai Amurka, wanda aka sa wa suna Su Lin. Da aka kafa ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, a 1961, hoton panda ta ɗauka a matsayin tambari, saboda wata mai suna Chi Chi da ke gidan namun dajin Landan a lokacin. Gwamnatin Sin ta kafa gandun Wolong a 1963. A 1980 masanin dabbobi George Schaller ya fara aiki a can tare da takwaransa ɗan ƙasar Sin, Hu Jinchu, kuma bincikensu ne ya aza harsashin sanin rayuwar panda a daji.

Ƙidayar farko ta shekarun 1970 ta ba da adadi wajen 2,400. Ta biyu, a shekarun 1980, ta nuna sun ragu zuwa 1,114. Ta uku ta sami 1,596, ta huɗu kuma, wadda aka fitar a 2015, ta sami 1,864. Ba kai ake ƙirgawa ba, don da wuya a ga panda a daji. Ma'aikata kan bi gangaren dutse suna tsintar kashinta, su auna tsawon gutsattsarin gorar da ke ciki, tun da kowace panda da girman cizonta, sannan a baya-bayan nan a haɗa da gwajin ƙwayoyin gado. Hanyoyin ƙidayar da faɗin wurin da aka bincika sun sauya daga wannan zagaye zuwa wancan, don haka ba duk ƙarin ne haihuwa ta kawo ba. Duk da haka, a 2016 IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sauko da panda daga rukunin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa zuwa rukunin masu rauni, hukumomin Sin ma suka bi sahu a 2021.

Hujjar masu suka

Wanda muryarsa ta fi fitowa shi ne Chris Packham, mai gabatar da shirye-shiryen namun daji a BBC. A 2009 ya ce halittar panda ta bi hanyar da ba ta ɓullewa, gara a ƙyale ta ta ƙare cikin mutunci, a karkatar da kuɗin wajen tsare wuraren da suka fi yawan halittu. Maganar ta ɓata wa mutane da yawa rai, amma tambayar da ke ƙarƙashinta tana da nauyi. Kuɗin kare halittu ba ya isa, kuma mai rabon da bai isa ba dole ya zaɓa. Zargin shi ne kyan fuska ake bi wajen zaɓen, ba buƙata ba.

Ba sai an fita daga Sin ba kafin a ga shaidar wannan zargi. Kogin Yangtze, wanda ruwan dazukan panda ke gangarawa cikinsa, ya rasa baiji, wata dabbar ruwa mai shayarwa, wadda aka neme ta a 2006 tsawon makonni ba a ga ko ɗaya ba. A 2022 IUCN ta tabbatar da ƙarewar wani ƙaton kifi mai dogon baki na wannan kogi. Babbar kififiyar Yangtze kuwa, macen da aka sa rai a kanta ta mutu a gidan namun dajin Suzhou a 2019. Babu ɗayansu da ta sami ko kusa da kulawar da panda ta samu, kuma abin takaici ne ƙwarai.

Sai dai akwai inda hujjar Packham ta yi rauni. Ba halittar panda ce ta kai ta bakin rami ba. Ta yi miliyoyin shekaru tana rayuwa a kan gora, a da har kudancin Sin da arewacin Myanmar da Biyetnam ana samunta. A daji mace kan haihu duk bayan shekara biyu, kuma hakan ya ishe su. Ƙin barbarar da aka yi ta yayatawa matsalar keji ce. Saran daji da noma da farauta ne suka rage su.

Hujjar masu goyon baya

Masana na kiran irin panda dabbar laima, wato wadda idan aka tsare mazauninta, sauran halittun wurin su sami inuwa. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. An keɓe gandu 67 da sunan panda, kuma a 2021 aka haɗe da yawansu aka kafa babban gandun ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 22,000. A cikinsa akwai biri mai gashin zinariya da jar panda da tsuntsaye iri-iri. Binciken Binbin Li da Stuart Pimm na jami'ar Duke ya nuna yankin panda ya haɗu da mazaunin kashi 70 cikin 100 na tsuntsayen kurmi da ba a samu sai a Sin, da kashi 70 na dabbobi masu shayarwa irin wannan, da kashi 31 na kwaɗi da danginsu.

An kuma gwada lissafin abin da kuɗi. Wani bincike da Wei Fuwen ya jagoranta, wanda mujallar Current Biology ta buga a 2018, ya ƙiyasta cewa a 2010 kula da panda da gandunanta ya ci dala miliyan 255 a shekara, amfanin da dazukan suka bayar kuma ya kai dala biliyan 2.6 zuwa 6.9. Cikin amfanin akwai riƙe ruwa, da hana zaizayar ƙasa, da shanye iskar kabon, da yawon buɗe ido. Irin wannan ƙiyasi ya dogara da farashin da mai lissafi ya sa wa abin da ba a sayarwa a kasuwa, don haka a karɓe shi da lura. Ko da an zaftare rabinsa, riba na nan.

Akwai kuma wani abin da masu suka kan tsallake. Kuɗin panda ba tukunya ɗaya ba ce da za a iya ɗiba a zuba wa kwaɗo. Mafi yawansa gwamnatin Sin ce ke bayarwa saboda panda abin alfaharin ƙasa ce, saura kuma daga masu sayen tikiti da masu ba da gudummawa. Idan aka cire panda, babu tabbacin kuɗin zai bi wata dabba. Yana iya komawa wani aiki dabam kawai.

A nan ma gaskiya na buƙatar gyara kaɗan. Ba panda kaɗai ta ceci dazukan ba. Ambaliyar Yangtze ta 1998, wadda ta kashe dubban mutane, ita ta sa gwamnati ta hana saran itace a saman kogin, sannan a 1999 ta fara biyan manoma su bar noman gangaren dutse su dasa itatuwa. Panda ta ci moriyar tsoron ambaliya kamar yadda wasu dabbobin suka ci tata.

Inda laimar ke yoyo

A 2020 Li Sheng na jami'ar Peking da abokan aikinsa suka buga sakamakon kyamarorin da aka girke a gandunan panda. Tun daga shekarun 1960, damisa ta ɓace daga kashi 81 cikin 100 na gandunan, kyarkeci daga kashi 77, damisar ƙanƙara daga kashi 38, karen dajin Asiya kuwa daga kashi 95. Dalilin a fili yake. Panda ɗaya na iya rayuwa a ƴan murabba'in kilomita, ita kuwa damisa ko garken karnukan daji na buƙatar ninkin haka sau da yawa. Gandun da aka yanka daidai jikin mai cin gora ya yi wa mafarauta kaɗan. Wannan bincike shi ne ƙalubale mafi ƙarfi ga masu cewa kare panda kare kowa ne.

Haya da kiwo a keji

Wannan ɓangaren ne ya fi wuyar karewa. Bayan ziyarar da Shugaban Amurka Nixon ya kai Sin a 1972, Sin ta ba Amurka kyautar panda biyu, Ling-Ling da Hsing-Hsing. Daga 1984 aka daina kyauta aka koma haya. Gidan namun daji kan biya har dala miliyan ɗaya a shekara kan mace da namiji, yawanci na shekara goma, kuma duk ɗan da aka haifa mallakar Sin ne, za a mayar da shi yana ɗan shekara biyu zuwa huɗu. Ga kuɗin gini, ga na gora. Gidan namun dajin Calgary a Kanada ya mayar da nasa a 2020 saboda annobar korona ta hana jigilar gora. Na Ähtäri a Finlan ya mayar da Lumi da Pyry a 2024, shekara takwas kafin wa'adi, don ya kasa ɗaukar nauyinsu. Na Edinburgh ya riƙe biyu daga 2011 zuwa 2023 ba a sami ko ɗa ɗaya ba. A ƙa'ida kuɗin hayar na tafiya ne wajen kare panda a daji, amma binciken jaridar New York Times a 2024 ya gano an kashe wani kaso a kan gine-gine da hanyoyi da kayan ofis.

Ta fuskar kiwo an yi nasara. Cibiyar Chengdu ta fara a 1987 da panda shida da aka ceto, yanzu kuma waɗanda ke hannun mutane a duniya sun haura 700. Dabarar da ta fi taimakawa ita ce musayar tagwaye. Ma'aikaci zai lallaɓa ya ɗauke jariri ɗaya ya sa a kwalabar ɗumi, ya miƙa wa uwar ɗayan, a yi ta juyawa dare da rana, kowanne ya sha nononta, ita kuwa tana zaton ɗa ɗaya take raino.

Amma manufar kiwon ita ce a mayar da su daji, kuma waɗanda aka saki ba su wuce goma sha ba. Na farko, Xiang Xiang, an sake shi a 2006, aka tsinci gawarsa a farkon 2007 da raunukan da ake jin faɗa da mazan daji ne ya jawo su. Daga nan aka sauya salo. Uwa ce ke rainon ɗanta a wani yankin daji da aka killace, masu kula da su kuma su sa kaya mai siffar panda, shafe da fitsari da kashinta, don kada ɗan ya saba da kamanni ko warin mutum. Ta haka aka raini Tao Tao, wanda aka saki a gandun Liziping a 2012 kuma ya rayu. Idan aka auna ɗaruruwan da ke keji da wannan ɗan adadi, za a ga kuɗin da aka sa a daji ya fi na keji amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ya rage

Ƙidayar 2015 ta nuna panda na daji sun rabu gida 33, hanyoyin mota da layin dogo da madatsun ruwa da ƙauyuka sun shiga tsakaninsu. A cikin waɗannan, 18 ba su kai panda goma-goma ba, kuma ƙungiya ƙarama haka auren dangi ko cuta ɗaya na iya shafe ta. Shanu da dawakan da ake sakewa kiwo a cikin gandu suna cinye gorar a wasu wurare, kamar Wanglang. IUCN ta yi gargaɗi a 2016 cewa ɗumamar yanayi na iya lalata fiye da kashi 35 cikin 100 na dajin gora cikin shekara 80. Aikin da aka sa a gaba yanzu shi ne dasa gora da itatuwa a tsakanin gandunan don a haɗe su. A tsaunukan Qinling an karkatar da babbar hanya mai lamba 108 ta cikin ramin dutse, aka rufe tsohon titin da ke bi ta sama, aka dasa gora a gefensa, kuma kyamarori sun fara ɗaukar panda na ratsa wurin.