Ɗab'in Haruffan Dalma da Ƙananan Maɗaba'u a Bauchi

Ɗab'in haruffan dalma hanya ce ta buga rubutu wadda ake jera haruffa masu tudu ɗaya bayan ɗaya, a shafa musu tawada, sannan a danna takarda a kansu har siffarsu ta fito. Da ita duniya ta dogara wajen buga littattafai da jaridu kusan shekara 500, daga tsakiyar ƙarni na 15 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kafin ɗab'in faranti, wanda ake ɗaukar hoton shafi a kan farantin ƙarfe a buga da shi, da na kwamfuta su karɓe yawancin aikin. A Bauchi, kamar sauran biranen Arewa, ƙaramar maɗaba'a, wadda jama'a suka fi kira shagon firintin, takan haɗa zane a kwamfuta da buga katin biki da rasit da fom, kuma inda tsohon injin dannawa ya rage, an fi ba shi aikin sa lamba da huda takarda maimakon buga rubutu.

Asali

Tunanin raba rubutu zuwa haruffa masu zaman kansu ya girmi Turai. A ƙasar Sin wani mai suna Bi Sheng ya ƙera haruffa da gasasshen yumɓu a wajajen 1040, kuma a Koriya an buga wani littafin addinin Buda da haruffan ƙarfe a 1377, wanda har yau wani ɓangarensa yana nan. Sai dai wanda ya mayar da abin sana'a mai ɗorewa shi ne Johannes Gutenberg na birnin Mainz a Jamus, wanda ake jin ya soma gwaje-gwajensa a wajajen 1440, ya kuma kammala buga Baibul mai layi 42 a shafi a wajajen 1455. Hikimarsa tana cikin haɗa abubuwa uku: ma'aunin zuba haruffa da hannu wanda ke fitar da su iri ɗaya, da narkakken haɗin dalma da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, da kuma tawada mai mai wadda ke kama ƙarfe ba ta zurarewa. An daɗe wasu mutanen Holan suna cewa ɗan ƙasarsu ne ya riga shi, amma yawancin masana ba su karɓi wannan ba.

Jera haruffa da hannu ya ci gaba har zuwa 1886, lokacin da injin Linotype na Ottmar Mergenthaler ya fara aiki a wata jaridar birnin New York. Wannan injin yana zuba layi guda cur na rubutu a dalma, mai aiki kuwa yana danna maɓallai ne kawai.

Shigowarsa Nijeriya da ƙasar Hausa

'Yan mishan ne suka kawo injin ɗab'i ƙasar nan. An kafa na farko a Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hope Waddell, sannan Henry Townsend ya kafa nasa a Abeokuta a 1854, inda aka fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859. A Arewa lamarin ya ɗauki wata hanya dabam, domin ƙasa ce da ta riga ta saba da alƙalami da tawada da malamai masu kwafar littattafai, saboda haka ɗab'i ya tarar da rubutu a zaune, ba shi ya kawo shi ba. Hukumar Fassara da aka kafa a wajajen 1929 ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, kuma ita ta shirya gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Abubakar Tafawa Balewa na Bauchi yana cikin marubutan da aka buga aikinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, wanda ya zama babbar maɗaba'ar Hausa na tsawon shekaru.

Babban abin da ya bambanta ɗab'in Hausa da na Ingilishi shi ne haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Akwatin haruffan da ake sayowa daga Ingila ba ya zuwa da su, kuma a ɗab'in dalma harafin da ba a zuba ba babu shi, babu kuma dabarar da za ta fito da shi. Marubutan farko sun yi ta sa ɗigo a ƙarƙashin harafi ko alama a gefensa, har aka daidaita a kan masu ƙugiya a shekarun 1930, aka riƙa zubo su musamman. Manyan maɗaba'u sun iya wannan kashe kuɗi, ƙananan kuwa suka riƙa buga b da d da k kurum, suna barin mai karatu ya gane da kansa ko ƙafa ake nufi ko kafa. Wannan ɗabi'a ta wuce zamanin dalma, domin har yau ana ganin katunan biki da fostoci ba ƙugiya ko ɗaya, alhali kwamfuta ta kawar da uzurin.

Ajami da Larabci ba su taɓa sakin jiki da haruffan dalma ba a Arewa. Almajiran tsangaya sun saba da rubutun hannu irin na Magariba da ruwayar Warshu, haruffan Larabci na inji kuwa na Gabas ne, don haka masu buga littattafan addini suka fi son a ba gwanin marubuci ya rubuta da alƙalami, a ɗauki hoton shafin, a buga shi da faranti.

Kayan aiki da tsarin bugawa

Kowane harafi ɗan sandan ƙarfe ne mai siffar harafin a kansa, a juye kamar yadda rubutu ke bayyana a madubi. Tsayinsa a tsarin Ingila da Amurka milimita 23.3 ne, na Jamus da Faransa ya ɗan ɗara haka, abin da kan sa mai haɗa kayan ƙasashe biyu ya yi ta ciko da takarda. Ana ajiye haruffa a akwati mai gurabe da yawa, kowane harafi da gurbinsa, waɗanda aka fi amfani da su suna kusa da hannu. Mai jerawa yakan riƙe ɗan ma'aunin ƙarfe a hagu, yana tsinto haruffa da dama yana sa su kai a ƙasa, yana cusa ƙananan guntayen dalma tsakanin kalmomi har layi ya cika tsaf. Idan shafi ya haɗu sai a sa shi cikin firam na ƙarfe, a kewaye shi da katakai, a ɗaure da makullai har a iya ɗaga shi ba harafin da ya faɗo.

Daga nan sai bugun gwaji da gyaran kurakurai, sannan aikin da ya fi cin lokaci, wato daidaita matsi. Inda rubutu ya fito da haske ana liƙa siririyar takarda a bayansa, inda ya nutse da yawa ana ragewa. Kowane launi bugunsa dabam, ke nan kati mai launi uku sai ya ratsa inji sau uku, ana wanke rola da kananzir tsakanin kowane biyu. Bayan an gama sai a mayar da haruffa gurabensu ɗaya ɗaya, kuma wannan ne aikin farko da ake ba yaron da ya zo koyo.

Injuna

Ƙananan maɗaba'u sun fi amfani da inji mai fuska biyu da ke haɗuwa kamar tafi. Akwai Adana na Ingila, ɗan ƙarami da ake ɗorawa a tebur a danna da hannu, akwai Chandler & Price na Amurka da ake takawa da ƙafa ko a sa masa injin lantarki mai juya shi, akwai kuma Heidelberg na Jamus mai hannuwa masu juyawa, wanda ke ɗaukar takarda da kansa, yana iya buga kimanin 5,000 a awa, aka kuma daina ƙera shi a 1985. Masu aiki da hannu ko ƙafa ba ruwansu da wutar lantarki, wanda ba ƙaramin abu ba ne a inda janareta ke cinye riba.

Zane

Yau a kwamfuta ake yi, galibi da manhajar CorelDRAW, kuma mai zane shi ne wanda abokin ciniki ya fi zama da shi.

Tafiyar da maɗaba'a

Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, Gombe kuma a 1996, kuma ma'aikatu da makarantu da asibitocin da suka biyo baya su ne tushen cinikin fom da rasit da katin sakamakon jarrabawa. Sauran aikin na lokaci ne. Katin ɗaurin aure yakan yawaita gab da azumi da bayan Sallah, kalanda a ƙarshen shekara, takardun makaranta a farkon zango, fosta kuwa a kakar zaɓe, lokacin da shago kan kwana yana aiki, kuma lokacin ne aka fi barin masu shaguna da bashi.

Lissafin farashi yana tafiya ne a kan takarda da tawada da faranti da wuta da lokacin shiri. Kuɗin shiri ɗaya ne ko kati 50 za a buga ko 1,000, shi ya sa aiki kaɗan ke da tsada a kan kowane ɗaya. Ana sayen takarda da rim mai ganye 500, ana auna kaurinta da giram: ta rubutu 70 zuwa 80, ta kati 250 zuwa 300. Tun da masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, yawancin takardar daga waje ake shigo da ita, tana isowa Bauchi ta hannun dillalan Legas da Kano da Jos, don haka farashinta yana bin canjin dala. Wannan ne ya sa masu shago ba sa taɓa aiki sai an ba da kafin alƙalami, kuma sukan nemi abokin ciniki ya duba bugun gwaji ya amince, musamman sunayen iyaye da ranar biki, domin kuskuren harafi ɗaya a sunan waliyyi yana iya sa a sake buga katin gaba ɗaya.

Ba kowane shago ke da kowane inji ba. Mai zane yakan kai faranti wurin mai injin Kord, wato injin ɗab'in faranti, mai Kord ya tura wa mai yankan takarda, manyan ayyuka kuma a kai su Kaduna ko Kano ko unguwar Shomolu a Legas. Sana'ar an fi koyonta a hannun maigida na wasu shekaru kafin a yaye mutum, ko da yake Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana koyar da fasahar ɗab'i. Wata dokar tarayya ta 2007 ta kafa cibiyar CIPPON domin rajistar masu sana'ar.

Dalma guba ce idan ta shiga jiki, saboda haka ana son mai jera haruffa ya wanke hannu kafin cin abinci, kuma injin tafi ya sha cinye yatsun masu gaggawa.

Halin da ake ciki

A Amurka da Ingila sana'ar ta farfaɗo tun daga wajajen 1990 a matsayin kayan ƙawa, inda ake zana aiki a kwamfuta, a fitar da shi a farantin roba mai tauri da haske ke busarwa, a danna shi cikin takardar auduga mai kauri har yatsa ya ji zurfinsa. Tsofaffin ma'aikata suna ɗaukar wannan zurfi aibi ne, domin yana cinye haruffa, sababbi kuwa shi suke sayarwa. A Bauchi kasuwar irin wannan kati ƙarama ce, tun da mai biki ya fi son hoto da launuka da yawa a farashi mai sauƙi, wasu ma a WhatsApp suke tura gayyata. Aikin da ya riƙe tsofaffin injuna shi ne wanda firinta ba ta yi da kyau: yanka kati da tsari, da karya layin ninki, da manna ruwan zinari, da huda layin yaga rasit. Lambar rasit kuwa wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafafun lambobi ake ɗaurewa cikin firam a tsayin harafi, duk dannawa ɗaya lamba ta ƙaru da ɗaya, har littafin ya kai ƙarshensa.